Kifin Roba a Shuɗiyar Ƙofa

Pak Rustam ya zauna a tashar jirgin ruwa da ƙunshin kayansa, ya juya wa garin baya. Wata mai zagayawa da baƙi ta matso.

"Baba, yanzu da gwamnati ta sa unguwarku cikin wuraren tarihi za ka tashi?"

"Sun hana shanyar kifi, wai wari na korar baƙi. Shekara hamsin da ita nake ci."

"Haba Baba! Jiya na nuna wa baƙina gida mai shuɗiyar ƙofa, kifi reras a igiya."

"Kin ga ƙuda a kai?"

Ta girgiza kai.

"Na roba ne, 'yata. A gidan nan aka haife ni."