A Saki Shanun Maiwada, ko a Ɗaure Motar Kusa da Su

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Mai girma shugaban taro, wakilin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, shugabannin kasuwa da na direbobi, iyayena mata da ke bayan rumfa, jama'ar Gaya da baƙinmu na Ajingi, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta.

Sunana Hindatu, ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata a birni. Ina godiya ga ƙungiyar ɗaliban garin nan da ta ba ni wannan dama. Sun ba ni ne don na karanta yabon sabuwar dokar ajiye motoci. Su gafarce ni, ba shi zan karanta ba. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da farko, dokar tana da kyau. An kafa allo a bakin layin da ya taso daga kasuwa zuwa ɗakin shan magani, an rubuta da boko, an rubuta da ajami: kada a ajiye abin hawa a nan. Ba a ce ban da babba ba, ba a ce ban da mai ƙarfi ba. Abin hawa aka ce.

Ga abin da ya faru a gindin allon nan ranar kasuwar da ta wuce, a kan idona. Baba Maiwada, manomi daga Balan, ya ɗauko matar maƙwabcinsa, Baiwa, a amalanken shanunsa. Naƙuda ta yi mata tsanani, ungozomar ƙauye ta ce abin ya fi ƙarfinta. Da suka iso bakin layin, sai suka tarar da babbar mota mai bodin katako ta toshe shi, an sa mata waigi a taya, ko jaki da mangala ba zai wuce ba. Baba Maiwada ya ce wa karen motar, "Yaro, don Allah a matsa mana, rai ne a bayan nan." Shi kuwa yana kwance a kan buhuna, ya ce, "Baba, direba na cin tuwo a gidan Alhaji. Sai dai shanun naka su yi fiffike."

Mahauta ne suka ciro ƙyauren rumfarsu, aka ɗora Baiwa, aka zagaya da ita ta bayan masallaci. Allah ya sa da sauran kwana, ta sauka lafiya, ita da jaririyarta. Baba Maiwada ya kama kusurwa ɗaya ta ƙyauren, don haka ya bar amalankensa a inda ya tsaya. Da ya dawo, ya tarar mai kula da layin yana jan shanun. Laifinsa? Ya ajiye abin hawa a gindin allo.

Ya nuna motar, ya ce, "Ranka ya daɗe, to wannan fa?" Aka ce, "Wannan ta baƙon Alhaji ce. Kai baƙon wa ne?" Ya ce, "Ni mutumin Balan ne." Aka ce, "To, Balan ba ta da zaure a layin nan."

Yanzu haka shanun suna ɗaure a bayan ofishin Hakimi, wai sai an zauna a kan maganar. Ruwan shuka ya sauka. Maƙwabtansa sun yi huɗa, shi gonarsa tana kwance. Damina ba ta jiran zaman kowa.

Abu na biyu, me ya sa ba a taɓa motar ba? Kada mu ɗora wa mai kula da layi duka kayan. Mu ne. Mun gada cewa abin hawan baƙo a ƙofar mai masaukinsa ake ɗaure shi, kuma wanda ya ce a kwance shi, ba baƙon ya ci wa fuska ba, mai gidan ya ci wa. Al'ada ce mai kyau, na taso ina kai wa jakunan fatake ƙaiƙayi a ƙofar gidan kakana. Amma jaki yana cin gefen bango ne kawai, yaro ma zai ja shi gefe. Yau mun ɗauki motar da take cinye layi guda, mun ba ta matsayin jakin baƙo. Kowane direba yana da mai masauki, kowane mai masauki yana da mutunci, saboda haka kowace mota ta fi ƙarfin allo. Wa ya rage wa doka? Mai keke, mai jaki, mai amalanke, wanda ba shi da zauren da zai fake.

An ce baƙonka annabinka, na yarda. To Baiwa da ta shigo garin nan tana cizon mayafi, ita ba baƙuwa ba ce? An ce baƙo raɓa ne. Wace irin raɓa ce take wuni a kan hanya, rana ta fito, rana ta faɗi, ba ta bushe ba?

Wasu za su ce mutanenmu ba sa sauya hali. Ban yarda ba. Shekara biyu da suka wuce aka ce duk ƙasar nan a koma tuƙi ta hannun dama. Kowa ya koma, har masu keke. Wanda ya iya sauya hannu, zai iya matsawa zuwa filin tsohon sikelin gyaɗa, inda aka ware wa motoci. Daga can zuwa kowane zaure, tuwo ba zai huce ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A saki shanun Baba Maiwada yau, kafin la'asar. In kuwa an ce doka ba ta sakin abin da ta kama, to a kai motar bayan ofis a ɗaure ta kusa da su, su jira zaman tare. Ba sai an neme ta ba. Ku waiwaya, ga ta can a gindin allo, ta dawo tun safe.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Alhajin da ake faɗa, Alhaji Kashim ne, yayan mahaifiyata, ga shi nan a sahun gaba. Jiya, da ya ji abin da nake shirin faɗa, ya aiko a ce mini 'ya mace ba ta tsinka manya a bainar jama'a. Kawu, kai ka saya mini akwatin da na tafi makaranta da shi, ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Al'adar da ta rufe bakin kowa, kai kaɗai ta bar wa naka a buɗe, domin mai masauki ne kaɗai zai ce wa baƙonsa ya matsa. Kawu, ka faɗa masa.

Jama'a, na ga Kawu ya miƙe. Ban sani ba, ko wajen motar ya nufa, ko wajen mahaifiyata. Ko ina ne, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Allah ya raya jaririyar Baiwa, ya ba Baba Maiwada damina mai albarka, ya huci zuciyar iyayenmu, ya kai baƙinmu gida lafiya, ya bar mana hanya a buɗe ranar da mu ne a kan ƙyauren.

Na gode.