A Mayar da Ni Zauren Masu Zane

Assalamu alaikum. Shugaban taro Malam Badaru, malamanmu da ke sahun gaba, 'ya'yana masu zane a kwamfuta na Birnin Kudu da na Gwaram, da ku jama'a da kuka zo kallo, ina gaishe ku. Har da Muslim, shugaban zaurenku na waya, wanda ya kore ni, shi ma ina gaishe shi, don an ce a gaida kowa.

Na gode da aka ba ni lasifika, ko da yake wanda ya ba ni zai yi nadama. Ni ne Balarabe Mai Fenti. Ban yi boko ba, ban iya karanta abin da nake rubutawa ba, amma kafin a haife ku babu motar katako da ta bi hanyar Gwaram ba da zakina a bayanta ba. Sai kuka zo da bana, wato ledar tallan nan da inji ke bugawa, kuka ɗauke min shaguna, kuka ɗauke min motoci, kuka bar ni da buroshi kawai.

Magana ta farko, zaurenku abin kirki ne, na faɗa ba da son raina ba. Ba ku da ubangida, kowa da kwamfutarsa a ɗakin uwarsa, amma wanda ya kakare sai ya turo aikinsa, 'yan'uwa su gyara masa. Mu a zamaninmu, idan zan haɗa fenti sai na juya wa abokina baya. Da jikata Lailatu ta saka ni a ciki, na ba da shawara da zuciya ɗaya. Katin walimar sauka, na ce a ƙara ja. Tallan kemis, na ce a ƙara ja, a sa zaki. Ba wanda ya taɓa bi, ban kuma fasa ba. Wai saƙon muryata ya yi tsawo, wai wani ya kunna shi a Kangire bai ƙare ba sai a Fagam. To, ni na sa shi tafiyar?

Magana ta biyu ita ce ta katin biki. Muslim ya turo kati mai kyau, na sa aka karanta min: Bahauddeen zai auri Mahbuba. Na san yaron, na san uban yarinyar. Na sa babbar riga, na sayi goro, na tafi har Kiyako na ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri!" Ya ce, "Na me?" Na nuna masa waya. Ya ce, "Baba Balarabe, 'yar tawa za a aurar ban sani ba?" Ashe wai samfuri ne, wai gwaji ne, sunayen da suka faɗo wa Muslim a baki ya cike gurbi da su. Ya ku jama'a, a garin da kowa ya san kowa ake gwaji da 'yar mutane? Ni idan zan gwada, a jikin tsohon kwano nake gwadawa. Amma ni aka kora, shi yana nan da kujerarsa.

Magana ta uku roƙo ne, kuma ban saba ba. Waɗanda muka yi sana'ar nan tare duk sun riga mu gidan gaskiya. A gida idan na ce shuɗin nan ya yi sanyi, sai a kawo min bargo. Zaurenku kaɗai ne inda ake musu a kan kala, kuma tun da aka cire ni wayata ta zama fitila kawai. Ku mayar da ni. Na yi alkawarin gajarta magana, na yi alkawarin tambaya kafin na kai goro, na yi alkawarin barin kowa da kalar da ya zaɓa.

Ku dakata, aljihuna na motsi. Lailatu, amaryar banza, zo ki duba min. An mayar da ni? Alhamdu lillahi. To, alkawari na ukun nan na janye shi, ban yi shawara da kowa ba kafin na ɗauka. Banar da ke bayana ma tana son gyara, za ku ji ni da yamma.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ba ku masu ba da aiki na gari, ya ba Muslim haƙurin saurare, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.