Sunana a Ƙafar Wani

Kuɗin da na bar gida da su kuɗin injin ban-ruwa ne. Yaya Mamman, wana, shi ya ɗora injin a kan jaki ya kai kasuwar Goronyo, ya dawo ya damƙa mini abin da ya samu, ya ce a ranin nan da guga zai shayar da albasarsa. Ku da kuka taso kuka tarar da kanal yana kawo ruwan madatsa har bakin gonakinku ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Kai Basiru, ajiye ƙwallon nan ka zauna, ba gudu za ta yi ba.

Lamba huɗu nake bugawa, mai tsaron baya. Ban fi kowa iyawa ba, amma ina da abin da babu wani ɗan ƙwallo daga Rabah har Goronyo da ke da shi: takardar haihuwa ta gaskiya. An haife ni ana tsakiyar aikin madatsa. Inna ta yi doguwar naƙuda, aka kai ta ɗan asibitin ma'aikatan, wani malamin asibiti ya rubuta rana da wata da shekara ya buga hatimi: Haliru Abdu, Goronyo. Baba ya adana ta cikin gafakar littattafansa shekara goma sha bakwai. Sauran sa'o'ina da ambaliya ake tuna shekarunsu, ko da shekarar da fara ta cinye gero.

Wanda ya ɗauke ni shi ne Alhaji Ladan, mutumin Wurno. A da dillalin albasa ne, sai ya gano cewa 'yan ƙwallo sun fi albasa, tunda ba sa ruɓewa a mota. A Legas "eja" ake ce masa, wato dillalin 'yan ƙwallo. Ni na daɗe ina tsammanin sarauta ce.

Kun san al'adarmu ta fatauci. In ka sauka wurin mai masauki, kayanka da guzurinka shi kake miƙa wa, kuma ba ka ce ya rubuta maka shaida, domin neman shaida zagi ne. Haka Baba yake kai buhunansa kudu, haka kakana ya yi. Da zan tafi ma sai da Baba ya ja mini kunne, ya ce Alhaji ubana ne a can. To, ranar da muka sauka Legas, ko wanka ban yi ba, Alhaji ya ce, "Kawo takardunka in aje maka, yaro. Garin ga ɓarayi gare shi."

Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Bayan mako uku ya kawo mini katin wasa. Hotona ne a jiki, amma sunan Sani Musa.

"Alhaji, wanga ba sunana ba ne."

"Sunan aiki ne. Mi kaka so da suna, aure za ka yi? Ƙwallo ƙahwa ta sani."

Na karɓi katin, don ba a musu da uba.

Da sunan Sani Musa na yi kulob bakwai. Ana kai ka abin da suke kira "tarayal", wato a tara ku ɗari a rana tsaka ku yi ta gudu, wani mai tumbi yana zaune a inuwa yana cin gyaɗa yana nuna wanda yake so da baki. In an ɗauke ka sai "kwantiragi", takarda mai shafi shida wadda Alhaji kaɗai ke karantawa. Kakar wasa ɗaya a Legas, kaka ɗaya a Ibadan, rabin kaka a Fatakwal inda ruwan sama ya kusa ruɓar mini da yatsu, a sake komowa Legas. Ban taɓa zama wuri har mai shayi ya san yadda nake son shayina ba.

A Agege mu shida ne a ɗaki ɗaya. Matar da ke da gidan, Mama Landilo muke ce mata, ta tsani takalmanmu fiye da yadda ta tsane mu. Ta iya Hausar kasuwa, irin wadda ake sayen tumatir da ita.

"Aboki! Waye ya shanya wannan mushe a kan igiyata?"

"Takalmi ne, Mama."

"Takalmi ya mutu! Ka kai shi maƙabarta!"

"Da shi nake cin abinci."

"Shi ya sa ka rame."

Gaskiyarta, na rame.

Wata ranar Asabar da la'asar ina zaune wurin mai shayi, rediyo na kawo wasan ƙungiyar ƙasa ta matasa. Mai sharhi yana jera sunaye, sai na ji ya ce lamba biyar, Haliru Abdu, ɗan Goronyo. Kofin na hannuna, ban ajiye ba, ban kuma sha ba. Minti casa'in ina jin kaina ina tare ƙwallo, ina sa kai, har katin gargaɗi aka ba ni. Na kusa da ni ya ce, "Sani, ɗan garinku ne, ka san shi?" Na ce na san shi sama-sama.

Wanda ke sanye da rigar nan kuwa, Nasiru ne, ɗan ƙanwar Alhaji. Ya iya ƙwallo, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma ya girme ni da shekara shida, yana da mata da ɗiya a Wurno. Ƙungiyar matasa kuwa shekaru take dubawa. Sai aka ɗauki takardata mai hatimi aka yi masa fasfo da ita.

Na sami Alhaji yana yanke farce a ƙofar masaukinsa.

"Alhaji, ina son ajiyata."

"Wace ajiya?"

"Takardata."

"Tana aiki." Bai ko ɗago ba. "Ƙwace na yi? Kai kab ba ni, da hannu biyu. Kuma tsaya in hwaɗa maka, yau duk Goronyo ana guɗa a gidanku. In ka buɗe baki, wa ka kunyata, ni ko tsohonka?"

Ya san inda zai taɓa. Wasiƙar Yaya Mamman ta iso bayan kwana goma. An yanka rago. Hakimi ya aiko a gaida Baba. Wani da ya ga wasan a talabijin a Sakkwato ya ce na yi ƙiba na ƙara baƙi, aka ce ai cimar kudu ce. A ƙarshe Yaya ya rubuta cewa yanzu in yana jan guga ba ya jin ciwon kafaɗa. Wasa huɗu na buga wa ƙasata, ban taɓa taka filin ba.

Daga nan na daina kwana da komai a raina sai Nasiru. Na yi shekara huɗu ina bin labarinsa. Da na ji wani kulob a Kwatano ya saye shi, na matsa wa Alhaji ya kai ni can, ko ba albashi. Ya ɗauka yunwa ce ta kore ni. A can koci "mesiye" ne, kati kuma "lisansi", in sun ce ka yi sauri sai su ce "bit, bit", kamar masu korar kaji.

Kulob ɗin da na shiga ya haɗu da nasu a zagaye na biyu. Na ga sunana a bayan rigarsa da manyan haruffa. Na bar shi har aka dawo hutun rabin lokaci. Ya taso da ƙwallo ya wuce tsakiya, ya ɗan tura ta gaba fiye da kima, ƙafarsa ta hagu ta kafu a ƙasa. Na ga ƙwallon sarai, ba ita na nufa ba. Ƙarar da na ji irin ta karan dawa ce in ka taka shi da rani. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, ni kuwa na riga na kama hanyar fita.

Kada in yi muku ƙarya, na ji daɗi. Kwana biyu ina jin daɗi. A na uku na je asibiti, don in ga idon Nasiru. Ya dube ni ya ce, "Haliru." Rabon da wani ya kira ni da sunan nan baki da baki, shekara bakwai. Ya ce, "Ni ma ban san inda nawa sunan yake ba. Kawu ya ba wani yaro ɗan Gusau." Ko sau ɗaya Alhaji bai leƙo shi ba.

Rediyo ta sanar cewa Haliru Abdu ya karye, ba zai sake buga ƙwallo ba. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Da Nasiru na kan ƙafarsa, akwai ranar da zan iya tsayawa kusa da shi in ce a duba mu. Yanzu sunan ya tashi aiki, kuma ni na karya shi. Sani Musa kuma aka dakatar da shi shekara guda.

Na dawo gida da jaka ɗaya. Mutane suka tare ni a tasha suna yi mini jaje, kowa idonsa a kan ƙafata ta hagu. Sai na ɗingisa. Wallahi ban shirya ba, ƙafar ce ta yi da kanta. Na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗingishi a garin nan. Har Baba ya rasu yana tofa mini addu'a a gwiwar da ba abin da ya same ta. Saboda wannan suna aka ba ni riƙon makullin ƙofar ruwa ta layinmu na kanal, aka ce wanda ya tsare wa ƙasa baya zai tsare wa manoma ruwa.

Alhaji Ladan ya tsufa, harkar ta watse masa, ya dawo ya karɓi gonar matarsa a ƙarshen layin da nake buɗewa. Ban hana shi ruwa ba, ku shaida ne, ranarsa ranarsa ce. Amma a shekarar da ruwan madatsa ya ja baya, na ƙarshen layi sai ya roƙi ƙarin sa'o'i, wannan kuwa ganin damar mai makulli ne. Tafarnuwarsa ta fara sunkuyar da kai. Ya zo da safe ya same ni a bakin ƙofa, manoma sun fi ashirin, Yaya Mamman na cikinsu.

"Ɗana, a taimake ni da awa biyu."

"Wa kake nema, Alhaji?"

"Kai mana, Haliru."

"Wane Halirun? Na rediyo, ko wanda ya ba ka ajiya?"

Ya dubi mutane, ya yi 'yar dariya, ya ce yaro da wasa. Ya tafi. Washegari ya dawo, na sake yi masa tambayar. A rana ta uku ganyen ya fara ƙonewa daga baki. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"In na hwaɗi, kai ma ka tashi. Makullin ga karɓe shi za a yi."

"Na sani. Ɗaga murya, Alhaji, Yaya ba ya ji sosai."

Ya faɗa. Tsaye, da sandarsa, ya faɗi takardar, ya faɗi Nasiru, ya faɗi Sani Musa, har yaron Gusau sai da na sa ya ambata. Na juya na buɗe masa ruwa, awa biyu cif, na zare makullin na miƙa wa shugaban manoma tun bai tambaya ba.

Yaya Mamman ya bi ni har bakin hanya. Na tsaya ina jiran mari.

"Wasannin nan huɗu, ko guda ba kai ba ne?"

"Ko guda, Yaya."

Ya dubi ruwan da ke gangarawa gonar Alhaji. Sannan ya ce, "To miƙe ƙahwar ga, ka ishe mu. Gobe da sahe akwai dashen albasa."