Daidai Kan Sunana

A wani shagon wankin kaya na unguwar Van Nuys, talabijin na nuna bikin karrama 'yan fim. Wani dattijo ya dubi matar da ke ninke tawul kusa da shi.

"Baiwar Allah, ga Darlene Whitcomb za ta hau dandamali. Lambar yabo biyu a fim, uku a talabijin. Mace ke nan."

"Ka saurari jawaban godiyarta?"

"Ba wanda ya wuce ni."

"Ta gode wa darakta, da mai gyara mata gashi, har da karenta. Ka taɓa jin ta ce Renata?"

"Wace ce kuma Renata?"

"'Yarta."

"Haba, ai kin san halin masu shirya bikin. Mutum bai gama magana ba sai su sako kiɗa su kore shi."

"Sau biyar, Malam? Kullum daidai kan sunana kiɗan yake tashi?"

Dattijon ya ajiye kwandonsa a hankali.

"Lambar yau ta aikin da mutum ya yi tsawon rayuwarsa ce, 'yata. Ba a katse jawabin mai ita."

"Na sani."

"In kashe talabijin ɗin?"

"Bar shi. Yau ba makaɗan da za ta fake da su."