Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na zumunta, na Anka da na Bukkuyum, da ku masu masaukinmu na Gummi, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Sunana Laraba, amma yawancinku Maman Alheri kuke kirana. Ni na roƙa a ba ni lokaci yau da muke mu kaɗai mata, domin abin da zan faɗa ba na gaban maza ba ne. In muryata ta yi rawa ku yi haƙuri da ni.

Alheri 'yata ce, ita kaɗai na taɓa haifa. Lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da Abare, inda aikin gyaran injin niƙa ya kai maigidana. Kun san abin da ya faru a wajen nan. Ana ɗebo duwatsun zinariya daga daji a niƙa su cikin gari, ƙura ta tashi ta sauka kan tabarma, kan randa, kan garin tuwon da aka shanya. Mu ba mu san akwai dalma a ciki ba. Alheri tana rarrafe, tana kai hannu baki kamar kowane yaro. Ta fara zazzaɓi, ta fara jijjiga. Kafin likitocin da suka zo daga nesa su gano abin, mun riga mun binne ta.

Da suka tara mu suna yi mana bayani, magana ɗaya ce ta zauna mini: ta baki gubar take shiga. Wayyo ni! Ni nake dama mata kunu, ni nake sa mata a baki.

Muka kwashe kaya muka koma Bukkuyum, gidan surukata, wadda nake kira Inna. Gida ne mai tsabta, babu injin dutse ko kusa. Amma ni in na buɗe kwanon tuwo ƙura nake gani. Na fara da wanke hatsi, in wanke in sake wankewa har hannuna ya yi fari. Daga nan na rage ci. Daga nan kuma abin ya canza kama, ya daina zama tsoron ƙura kawai. In cikina babu komai sai in ji ni wasai, in ji kamar ina kusa da 'yata. In na ci na ƙoshi, sai wata murya a kaina ta ce, "Ke kina ci, ita tana ƙasa." Muryar nan ta zama uwargijiyata, abin da ta ce shi nake yi.

Kun san inda na ɓuya? Cikin azumi. In aka kawo abinci sai in ce ina azumi, kuma wa zai hana Kirista azumi? Mata suka fara nuna ni, suna cewa, "Ku dubi Maman Alheri, baƙin ciki ya kai ta gaban Allah." Allah ya sani, yabon ya yi mini daɗi. Ranar da ban ce azumi ba sai in kai kwanon ɗaki, in an jima akuyar Inna ta samu rabonta. Akuyar ta yi ƙiba har maƙwabta suna tambayar me ake ba ta.

Jikina kuwa yana ta zubewa. Ana zafin bazara ni ina jin sanyi. Kitso ya daina zama a kaina, gashin biyo matsefi yake yi. In na tashi tsaye sai duniya ta juya. Na riƙa saka riga kan riga, in ɗaura zane kan zane, don kada a ga abin da ya rage. Al'adata ta fara zuwa kaɗan-kaɗan, ta riƙa tsallake wata, daga baya ta ɗauke ƙaf.

Inna ba abin da ke wuce ta a gidan nan. Ta lura na daina shanya ƙunzugu a bayan ɗaki. Wata safiya ta tsare ni a bakin murhu.

"Ɗiyata, tun yaushe kinka ga wata?"

Na ce, "Inna, an daɗe."

Sai ta rangaɗa guɗa! Kafin in buɗe baki ta riga ta leƙa katanga ta gaya wa maƙwabta. Da maigidana ya dawo ta tare shi tun daga ƙofa. Na ga ya yi dariya, irin wadda ban gani a fuskarsa ba tun ranar jana'iza. Ku gaya mini, da wane baki zan ce masa ba haka ba ne?

Watanni suka wuce, ciki bai taso ba. Inna ba ta damu ba ko kaɗan. Ta ce, "Kwanciya yay yi. Baƙin cikin uwa ya tsorata shi. Ƙanwar babana nata shekaru yay yi kwance, da lokaci yay yi ta haihu namiji." Dukanmu a nan mun taso muna jin irin labaran nan, ba wadda za ta ce ba ta taɓa ji ba. Daga ranar, duk wata alamar ciwona ta koma alamar ciki. In na ƙi abinci, laulayi ne. In jiri ya ɗebe ni, mai ciki ce, a ƙyale ta ta huta. Inna ta je kasuwa ta sayo sabon zanen goyo, mai kauri, ta ninke ta sa a ƙasan akwatinta. Ta riƙa jiƙa mini sassaƙe na tayar da ciki, ni kuwa ina sha, tunda ba abinci ba ne.

Ko na yarda akwai ciki? Rabin zuciyata ta yarda, domin ina so ya zama gaskiya. Ɗaya rabin kuma ta ji daɗi an daina matsa mini in ci.

Maigidana ya taɓa cewa a je asibiti. Inna ta daka masa tsawa. "Kul! Ba a kai kwantaccen ciki asibiti. Cewa za su yi ya lalace, su wanke shi." Shi da ya riga ya binne ɗa ɗaya, bai sake ta da maganar ba.

Da damina ta sauka na faɗi a bakin rijiya, guga a hannuna. Sai zumuntar matanmu ta yanke shawara a ɗauki azumi saboda ni, a roƙi Allah ya tayar da cikin. Ku ji fa, 'yan'uwa. Mace tana mutuwa da yunwa, masu ƙaunarta suka daina cin abinci don su taimake ta. Ban faɗa don in zarge su ba, da zuciya ɗaya suka yi.

Da la'asar suka zo gidanmu cikin zanen zumunta, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da ni a tsakiya. Shugabarmu a lokacin Mama Rifkatu ce, tsohuwa, idonta ya yi rauni, don haka ita in za ta yi wa mutum addu'a sai ta taɓa shi. Aka ɗauki waƙa. Ta durƙusa ta fara addu'a da ƙarfi, tana laluben cikina. Ta ɗaga riga ta samu wata riga. Ta ɗaga wannan ma. Da tafin hannunta ya sauka kan fatata sai muryarta ta tsaya cak. Na ji yatsunta suna bin haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya, suka gangaro kan ƙashin ƙugu.

Ta ce, "Ku dakata da waƙar."

Aka dakata. Ta sunkuyo kusa da fuskata, ta kira ni da sunan da aka daɗe ba a kira ni da shi ba.

"Laraba. Yaushe rabonki da ki ci abinci ki ƙoshi?"

Na so in ce azumi, bakina ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Mama, tun ranar da aka binne ta."

Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a wajen jana'iza. Cikin kukan na ji kaina ina cewa, "Yesu, yunwa nake ji! Yunwa nake ji kuma ina tsoron abinci! Ka taimake ni, na kasa!" Duk tsawon lokacin da ake ce mini mai addu'a, wannan ce addu'ar gaskiya ta farko da na yi. Kuma ita ce ya amsa. Haleluya!

Inna ta matso. "Rifkatu, to cikin fa?"

Mama Rifkatu ta ce, "Ban sani ba, yaya, ni ba likita ba ce. Abin da hannuna ya gaya mini shi ne yarinyar nan tafiya take yi, mu kuma muna tsaye kanta muna waƙa. Ubangijinmu da ya ta da yarinya daga mutuwa, abinci ya sa aka fara ba ta. Azumi ya ƙare. A dama kunu."

Aka dama. Ta ɗebo a ludayi, ta fara kurɓa a gabana don in gani, sannan ta kai bakina. Muryar nan tana ihu a kaina. Kurɓa kaɗan na iya yi, amma na haɗiye.

Washegari ita da maigidana suka sa ni a mota zuwa babban asibiti. Aka yi hoton ciki. Babu komai, 'yan'uwa, babu na kwance babu na farke. Likitar, mace ce mai haƙuri, ta zaunar da mu ta ce jiki in ya daɗe ba ya samun abinci yakan rufe duk abin da ba dole ba ne don ya tsira da rai. Sinadaran da ke kawo wa mace al'ada sun yi ƙasa, shi ya sa ta ɗauke. Ta ce zuciyata ma ta fara gajiya, da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. Suka kwantar da ni, suna ba ni abinci kaɗan-kaɗan bisa tsari, domin wai jikin da ya daɗe da yunwa cika shi lokaci ɗaya ma hatsari ne. Suka kuma haɗa ni da mai duba ciwon damuwa. Na yi fushi, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce, "Ba wanda ya ce haka. Ciwo ne sananne, ba ke kaɗai ba ce, kuma ana warkewa."

Maigidana ya zauna bakin gadon, kansa a ƙasa. Ya ce, "Na yi ta murna da wanda babu shi, ban dubi wadda ke gabana ba." Inna kuwa da muka dawo gida sai ta ɗauke mini wuta. Ba zagi, ba faɗa, gaisuwa kawai. Jika na biyu ke nan ta rasa, ko da yake wannan bai taɓa kasancewa ba.

Kada wata ta zaci a rana ɗaya aka gama. Matan zumunta suka mai da azuminsu ciyarwa. Kullum wata za ta zo da kwanonta, ta zauna, ta fara sa hannu, sannan ni in sa, kwano ɗaya. Akwai ranar da na yi jifa da kwanon. Ranar nan har na gaya wa Mama Rifkatu maganar da ba a gaya wa uwa. Ta share miyar daga zanenta, ta ce a zubo wani. Na koma baya ba sau ɗaya ba, aka sake kai ni asibiti, aka sake farawa. A hankali sanyi ya sake ni, kitso ya fara zama, na rage zanen da nake ɗaurawa. Amma al'ada shiru. Likita ta ce in yi haƙuri, ita ce takan zo daga ƙarshe, sai jiki ya tabbata yunwar ta wuce. Na fara cire rai, na ce ƙila na kashe wannan ɓangaren nawa har abada.

Kaka ta zo, ta wuce, wata ta sake zuwa. Wata safiya muna sussukar wake a tsakar gida na ji bayana yana ciwo, marata ta ɗaure. Na zaga bayan ɗaki. Da na duba na ga jini, sai na zauna a ƙasa daɓas. Abin da tun ina budurwa nake tsaki in ya zo, ranar nan kuka na yi ina cewa, "Na gode, Yesu! Na gode!"

Inna ta ji kukan ta biyo ni. Ta dube ni, ta dubi zanena, ta juya ta shiga ɗakinta. Na ji ƙarar akwati. Ta fito riƙe da zanen goyon nan, ko wanki bai taɓa gani ba. Na ce a raina yau za ta amayar da abin da ke ranta. Sai ta kai bakin zanen haƙorinta ta ciza, ta ja shi ya yage. Ta sake yagawa, ta sake, tana ninke kowane ƙyalle a kan cinyarta. Ta miƙo mini su da hannu biyu.

"Amshi, ɗiyata, ki yi ƙunzugu. Goyo in Allah ya kawo sai mu sai wani zane. Ke nika so da rai."

Daga ranar al'adata ba ta sake ɗaukewa ba.

Ban zo muku da jariri a baya ba. Ko zan sake haihuwa, Ubangiji ne ya sani, kuma na bar masa. Muryar nan ma takan leƙo wani lokaci, sai dai yanzu na san ba muryar Alheri ba ce, ba kuma ta Allah ba ce, in ta zo sai in kira wata mu ci tare. Mama Rifkatu ta riga mu zuwa gida wurin Uba, ba ta nan ta ji wannan shaida, amma hannunta ne Allah ya ara.

Ina roƙonku, in akwai wata a cikinku da azuminta ba ya ƙarewa, kada ku tsaya yabo, ku je ku zauna ku ci da ita. In al'ada ta ɗauke, a je a duba, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. In kuma ke ce kike ɓoye cikin riga kan riga, ki faɗa wa Yesu gaskiya ko da kalma biyu ce, yana ji, kuma zai aiko miki da hannu.

Yau da rana da aka raba mana shinkafa da wake, na cinye kwanona tas, a gaban idonku. Dukan godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu Almasihu. Amin.