Na'urar Dangwale Tana Tambuwal, Mai Naƙuda Tana Tungar Bube

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Siddiƙ; wakilan iyayen ƙasa na Tambuwal da na Kebbe; malamanmu masu daraja; baƙonmu Malam Nasiruddeen, jami'in sa ido da shirin lafiyar mata da yara ya turo muna daga birni; 'yan uwana ma'aikatan lafiya maza da mata; iyayenmu da sunka baro gonakinsu cikin wagga damina don su saurare mu: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi maku barka da zuwa.

Sunana Mu'awiya Haliru. Shekarata goma sha tara ina yawon rigakafi a ƙauyukan wanga yanki, kuma da bakin ma'aikata nika magana yau. Na gode da anka ba ni dama. Amma in kun ji muryata ta ɗaga, ku yi mini uzuri, domin da ɓacin rai na taso, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Magana ta farko ita ce yadda ma'aikaci yake zuwa wurin aikinshi, don na lura ba a san shi ba a inda ake rubuta muna doka. Na taɓa zuwa kwas a Ikko, na ga mutane suna tashi tun kafin asuba suna rige-rigen shiga danfo. Wahala ce, amma motar tana nan. A Abuja mutum shina kwana bayan gari, ya kwashe awa biyu cikin cunkoso, amma kwalta ce ƙarƙashinshi. A Kano ka ɗaga hannu, a-daidaita-sahu uku su tsaya suna gardama a kanka. Nan kusa, cikin Sakkwato, kafin ka rufe ƙofar gida ɗan kabu-kabu ya yi maka oda. Kowane gari da irin tafiyarshi.

To mu fa? Mu motarmu ba ta san agogo ba. Mota a tasharmu ba ta tashi sai ta cika, in ko saura mutum ɗaya ne, kuna iya zama ku jira shi har rana ta yi tsaka. Ƙauyukan da ke bayan Fakku, akori-kura ba ta shigarsu sai ranar kasuwa. Sauran kwanaki sai babur, in damina ta zauna kuma sai ka sauka ka tura shi cikin laka, ka ɗora shi bisa jirgi a ƙetare fadama da ku. Shi ya sa tun zamanin waɗanda sunka koya muna aiki muke da tsari guda: ma'aikaci ya tafi ƙauyenshi ranar Lahadi da yamma, ya zauna can, ya ci tuwonsu, ya sha ruwansu, sai Jumu'a ya dawo ga iyalinshi. Ba lalaci ya kawo wanga tsari ba, hanya ce ta kawo shi.

Magana ta biyu ita ce na'ura. Cikin bazarar da ta wuce, Malam Nasiruddeen ya zo rangadi. Cikin mota mai sanyi yaz zo, mai manyan tayoyi, a lokacin da fadama ta bushe ƙayau. Ya duba agogonshi a Tambuwal, ya sake dubawa a Tungar Bube, yac ce ai tafiyar ba ta kai abin da muke faɗi ba. Da yak koma, sai anka aiko muna da na'urar dangwale, wai don a kama masu fashin aiki. Kowa ya dangwala yatsa kullum da ƙarfe takwas na safe.

Ba mu ƙi ba. Wallahi akwai masu fashin aiki cikinmu, kuma mun fi kowa jin haushinsu. Amma na'urar guda ɗaya ce tak, kuma ina anka girke ta? A ofishin shirin, nan Tambuwal, don nan ne ke da wuta da sabis. Jama'a, ku yi tunani tare da ni. Ma'aikaciyar da ke kwana ɗaki ɗaya da maganinta a ƙauye, an ce ta dawo gari da kwana don ta dangwala yatsa, sannan ta nufi tasha ta jira mota ta cika. Wadda a da take buɗe asibiti bayan sallar asuba, yanzu sai bayan azahar take isa, jiƙe da laka, ta duba mutum fuɗu, ta juyo don kada jirgi ya tashi aiki. A takarda kowa ya zo aiki. A ƙauye ƙofa tana kulle. An kawo abin kama masu fashi, ya mayar da mu duka masu fashi.

Mun rubuta takarda, anka ce ana dubawa. Mun sake rubutawa, anka ce a Abuja ma haka ake yi. To Abuja jirgi suke shiga da babur?

Magana ta uku ita ce ta tsayar da ni nan. Malama Hadijatu, ungozomarmu ta Tungar Bube, ga ta can zaune a layin mata. Shekararta ashirin da biyu tana wanga aiki. Ranar wata Litinin, wata biyu da sunka wuce, tana haɗa jakarta da la'asar don ta dawo gari, sai anka kawo mata Batula, matar wani makiyayi, da ciki wata tara da ƙafafu kumbure. Ta duba ta, ta ga abin da ba ta so. Mai babur shina ƙofa shina yi mata oda, shina cewa jirgi zai tashi. Abin da tac ce mashi ke nan: "Tafi abinka, Lauwali. Yatsana shina iya jira, wagga ɗiya ba ta jira."

Ta zauna. Safiyar Talata naƙuda ta taso, jaririya ta zo da ƙafa, jini ya biyo baya. Ƙarfe takwas na wannan safiya, lokacin da muke layi gaban na'ura kamar masu jiran rabon taki, hannuwan Malama Hadijatu suna cikin aikin da anka ɗauke ta dominshi. Ta ƙara kwana biyu tana tsaron matar har jini ya tsaya.

Sakamakonta mi ne ne? Takarda. Ga ta nan a hannuna. Tana cewa Hadijatu ta yi fashin aiki kwana uku a jere ba tare da izini ba, kuma an dakatar da ita daga ƙarshen wanga wata. Kwana tara ke nan ya rage. In wagga takarda ta tabbata, ƙauye bakwai ba su da ungozoma, a tsakiyar damina, fadama cike.

Saboda haka ga buƙatarmu, kuma ba roƙo muke yi ba. A janye wagga takarda yau, gaban jama'a. Ma'aikatan ƙauye kuma a bar su su kwana inda aikinsu yake, hakimi ko limamin garin ya shaida zuwansu, domin su ba sa buƙatar wuta da sabis kafin su gane wanda ya zo.

Malam Nasiruddeen, ba ni da gaba da kai, kai baƙonmu ne. Ga makullin babur ɗina, na ajiye shi gabanka, tankinshi cike. Gobe ka dangwala da ƙarfe takwas, ka hau, ka nufi Tungar Bube. In ka isa kafin a kira azahar, ni da kaina zan kai wa Hadijatu takardar nan har gida. In kuma shaida kake nema kan inda take a ranar Talatar, ba sai ka wahala ba. Batula, tashi tsaye, ɗiyata, kada ki ji kunya. Jiya ta taso don ta iso wanga taro na yau. Abin da ke goye a bayanta, sunanta Hadijatu. Na'urarku ta ce ba kowa a asibiti ranar da anka haife ta.

Allah Ya raya wagga yarinya, Ya ba mahaifiyarta lafiya. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro da zuciyar adalci. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare kowane ma'aikaci a bisa hanya, Ya mayar da kowa gidanshi lafiya, musamman waɗanda sai sun ƙetare ruwa.

Na gode.