Malam Muktar Ya Shigo Aji

A tashar motar Gusau, Mahadi na gama waya da Turanci sai dattijon da ke gefensa ya ja tsaki.

"Samari, ka ɓata karin maganar Turawa. Ka ɗauko wata kalma mai kama da ta ainihi ka liƙa."

Ran Mahadi ya ɓaci. "Baba, wa ya kasa da kai?"

"Ni kake gaya wa haka? Shekara ashirin ina malamin Turanci a Bungudu! Tambayi kowa Malam Muktar!"

Mahadi ya ƙura masa ido.

"Ashe kai ne! Shekara uku muna goge allo muna jiranka, ko fuskarka ba mu sani ba, kana kasuwar Mada kana awon gero. Sai yau ka shigo aji?"